Na ce baƙi sun cika mana ƙasa, mijin ƙanwata ya tashi ya bar wurin

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani magidanci, magini, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mutum ne mai ƙaunar ƙasarsa, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. A 'yan shekarun nan baƙi daga ƙasashe daban-daban sun yawaita a birnin da nake zaune. Kuɗin haya ya tashi, aikinmu na gini ya ja baya saboda akwai masu karɓar jinga ƙasa da tamu, har akwai unguwannin da idan na shiga ba na jin harshen da ake yi. Na fara halartar taron wata ƙungiya mai neman a rage shigowar baƙi. A wani zama na dangi magana ta taso, sai na ce baƙi sun cika mana ƙasa, ƙasa ta masu ita ce, kowa ya koma inda iyayensa suka fito. Mijin ƙanwata yana wurin. A nan aka haife shi, cikakken ɗan ƙasa ne a doka, amma iyayensa daga wata ƙasa suka zo. Ya tashi ya tafi bai ce komai ba. Tun daga ranar ƙanwata ba ta ɗaukar wayata, 'ya'yansu ma sun daina zuwa gidana. Wallahi ba shi nake nufi ba. Shin laifi ne mutum ya yi kishin ƙasarsa? Kuma dole sai na janye ra'ayina kafin mu shirya?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na gode da ka kawo maganar yadda ka faɗe ta, ba ka gyara ta don ta yi daɗin ji ba. Tambayoyinka biyu suna da gajeriyar amsa. Kishin ƙasa ba laifi ba ne, kuma babu wanda ya isa ya tilasta maka janye ra'ayinka game da yawan mutanen da ya kamata gwamnati ta bari su shigo, domin wannan magana ce da kowane ɗan ƙasa yake da bakin yin ta. Amma a cikin abin da ka faɗa ranar nan akwai guda ɗaya da lallai ne ka janye, ka kuma janye da zuciya ɗaya, wato cewar da ka yi kowa ya koma inda iyayensa suka fito. Wannan ta wuce batun iyaka da biza da izinin aiki. Hukunci ne ka yanke a kan mutanen da aka haifa a ƙasarku, suka tashi a cikinta, dokarta ta karɓe su, kuma ɗaya daga cikinsu yana zaune a gabanka a matsayin surukin gidanku.

Na yarda cewa ba shi kake nufi ba, sai dai ka tsaya ka auna abin da kunnensa ya ji. Wanda aka haifa a ƙasa alhali iyayensa zuwa suka yi, da wuya a ce bai taɓa jin irin wannan magana ba tun yana firamare, ko daga bakin yara 'yan'uwansa, ko a layin wani ofis, ko daga wanda suka yi saɓani da shi a hanya. Irin waɗannan yakan shanye ya wuce, tunda masu faɗar ba su san shi ba. Ranar nan kuwa a cikin dangin da suka ba shi aure aka faɗa, wurin da yake ganin an daɗe da karɓarsa, kuma daga bakin yayan matarsa, mutumin da 'ya'yansa suke kira kawu. An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma shi ba shi da hanyar leƙa zuciyarka a lokacin, ballantana idan babu wanda ya buɗe baki ya tsawata maka a cikin waɗanda suke zaune. Ita kuwa ƙanwarka lissafin da ta yi mai sauƙi ne: idan inda iyaye suka fito shi ne ma'auni, to mijinta ya faɗi, kuma a kan 'ya'yanta ma an ɗora alamar tambaya. Uwa ba ta saurin wuce irin wannan, don haka kada ƙin ɗaukar wayarka ya ba ka mamaki.

Ciwon da 'ya'yan baƙi suka fi kuka da shi a ko'ina shi ne jin cewa zamansu na 'yan ƙasa na sharaɗi ne, ana amincewa da shi lokacin da abubuwa suke tafiya daidai, a janye shi da zarar rai ya ɓaci. Mesut Özil, wanda aka haifa a Jamus daga dangi 'yan asalin Turkiyya, yana cikin waɗanda suka ci wa Jamus kofin ƙwallon ƙafa na duniya a 2014, amma a 2018 ya bar tawagar ƙasar yana cewa idan an yi nasara shi Bajamushe ne, idan an sha kaye sai ya koma baƙo. Mutane sun yi ta saɓani a kan abin da ya haddasa wannan rikici da kuma laifin da shi ma yake da shi a ciki, amma ƙorafin nasa ya shiga zukatan miliyoyin mutanen da ba su taɓa taka ƙwallo ba, saboda sun san shi a rayuwarsu. Mijin ƙanwarka yanzu yana tambayar kansa ko duk shekarun nan da kuke gaisawa kuna zumunci, a ranka kallon baƙo kake yi masa.

Yanzu bari mu dawo kan damuwarka, domin ba zan yi maka abin da ake yawan yi wa masu irin kukanka ba, wato a ce musu ƙiyayya ce kawai, a rufe magana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum kimanin miliyan 281 ne suke zaune a wajen ƙasar da aka haife su, abin da bai wuce kashi 3.6 cikin 100 na mutanen duniya ba. Adadin ba shi da yawa idan aka kwatanta da jama'ar duniya, amma mutanen nan ba su watsu daidai a ko'ina ba. A manyan birane suke taruwa, a cikin biranen ma a wasu unguwanni, a cikin sana'o'i kuma a 'yan kaɗan, kuma gini yana sahun gaba a kusan kowace ƙasa. Saboda haka idanunka ba su yi maka ƙarya ba, kuma mai zaune a ofis da yake ce maka babu abin da ya canja, shi ne bai je wurin da kake neman abinci ba.

A kan batun lada, masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya. Misalin da suka fi komawa gare shi shi ne na 1980, lokacin da 'yan Kyuba kimanin 125,000 suka tsallaka teku zuwa Amurka cikin 'yan watanni, da yawansu suka zauna a Miyami, har yawan masu neman aiki a birnin ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. David Card ya bincika a 1990 ya ga cewa albashin mutanen birnin bai faɗi yadda ake tsammani ba, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne wanda ya shigo shi ma yana saye, yana kama haya, yana buɗe sana'a, aikin da ake da shi ba tsayayyen adadi ba ne da za a ce kowane sabon mutum ya ƙwace na wani. Daga baya George Borjas ya sake duba alƙaluman ya ce akwai rukunin da abin ya taɓa sosai, wato mazan da ba su gama sakandare ba. Har yau ba a gama wannan muhawara ba, amma abin da nake ɗauka daga cikinta shi ne ƙasa gaba ɗaya tana iya cin riba alhali wani rukuni na ma'aikata yana jin jiki, kuma babu mamaki kana cikin wannan rukuni.

Sai dai ka bi kuɗin ka ga aljihun da suke shiga. Lebura ko magini da ba shi da takardun zama yana karɓar jingar da kai ba za ka karɓa ba ne saboda ba shi da inda zai kai ƙara. Idan aka hana shi haƙƙinsa ba zai je wurin hukuma ba, idan ya faɗo daga kan gini ba zai nemi diyya ba, domin yana tsoron a kama shi a mayar da shi. Wannan tsoron shi ne ɗan kwangila yake saye da arha, kuma bambancin da ke tsakanin jingarka da tasa ba ya zuwa hannun baƙon, wurin mai ba da aikin yake tsayawa. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago a ƙasashe da dama suka koma neman a tilasta wa masu ɗaukar aiki bin dokar lada da ta kare lafiyar ma'aikaci ga kowa, baƙo da ɗan ƙasa, domin ranar da aka daina samun wanda za a biya rabin kuɗi, ranar ce karya jinga take tsayawa. Haya ma hakanan take: idan jama'a suka ƙaru da sauri, gidaje kuma ba a gina su da wannan saurin ba, dole kuɗi ya tashi, kuma hukumomin da suke ba da fili da izinin gini suna da nasu kason laifin.

Duk da haka, neman a rage adadin masu shigowa ra'ayi ne da mutanen kirki suke riƙe da shi, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsara wanda zai shiga cikinta da sharuɗɗan da zai cika, in ban da alƙawarin da ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 suka ɗauka cewa ba za su mayar da mutum inda za a kashe shi ko a zalunce shi ba. Kanada ta isa misali. Tun 1967 take tantance masu son shigowa ta hanyar ba su maki a kan ilimi da sana'a da harshe, a 1971 gwamnatin Pierre Trudeau ta ayyana zaman al'adu daban-daban a matsayin manufar ƙasa, a 1988 aka mayar da ita doka. Amma wannan ƙasar dai ita ce a watan Oktoban 2024 ta rage adadin waɗanda ta shirya ba wa izinin zama na dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, kuma ƙarancin gidaje yana cikin manyan dalilan da ta bayar. Gwamnatin ta yi magana a kan mutanen da ba su zo ba tukuna da yawan da ƙasar za ta iya ɗauka, ba ta ce ɗan Kanada da iyayensa suka zo daga Indiya ko Somaliya ya tattara kayansa ba. Da a nan ka tsaya ranar nan, da mijin ƙanwarka ya zauna an yi ta musu har a tashi, wataƙila ma ya goyi bayanka a wasu wuraren.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan wancan ma'auni na asalin iyaye shi ne duk inda aka ɗauke shi da gaske, bai taɓa tsayawa a kan waɗanda aka nufa da farko ba. Kwaddibuwa a zamanin shugabanta na farko, Félix Houphouët-Boigny, ta buɗe ƙofa ga manoma da leburori daga Burkina Faso da Mali da sauran maƙwabta, da guminsu aka bunƙasa gonakin koko da kofi, har ya zama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar baƙi ne ko 'ya'yan baƙi. Bayan rasuwarsa a 1993, a lokacin da tattalin arziki ya riga ya shiga matsi, 'yan siyasa suka fito da aƙidar tantance ɗan ƙasa na asali, kuma da ita aka tare wa Alassane Ouattara, tsohon firayim minista, hanyar takarar shugaban ƙasa a 1995 da 2000 bisa zargin cewa asalinsa na Burkina Faso ne. Abin bai tsaya a kan mutum ɗaya ba. 'Yan arewacin ƙasar, waɗanda kakanninsu ba su taɓa tsallaka wata iyaka ba, suka wayi gari ana shakkar takardunsu a shingayen hanya saboda sunayensu sun yi kama da na mutanen Mali da Burkina Faso. A 2002 yaƙi ya raba ƙasar biyu, kuma rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2010 ya ci rayuka kimanin 3,000.

A Zambiya kuwa, Kenneth Kaunda, wanda ya jagoranci neman 'yancin kai ya kuma mulki ƙasar daga 1964 zuwa 1991, shi aka yi wa gyaran tsarin mulki a 1996 don hana shi sake takara, da hujjar cewa iyayensa daga yankin da ake kira Malawi a yau suka zo. A 1999 har wata kotu ta ce shi ba ɗan ƙasar ba ne, kafin daga baya a warware maganar. A Afirka ta Kudu, a hare-haren da aka kai wa baƙi a watan Mayun 2008, mutum 62 aka kashe, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan 'yan ƙasar ne, domin taron da ya fusata ba ya tsayawa duba takarda, da launin fata da karin harshe yake yanke hukunci. Sannan abin yana juyawa. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, 'yan Najeriya da yawa suka taso suka bar dukiyarsu, a 1983 kuma Najeriya ta yi nata korar, mutum sama da miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu 'yan Gana. A duk lokutan biyu matsin tattalin arziki ne ya kawo korar, kuma ba korar ce ta kawar da matsin ba. Ban kawo waɗannan don in ce kai mai neman a zubar da jini ne ba. Na kawo su ne don ka ga cewa maganar da ta fita daga bakinka cikin fushi tana da tarihi, kuma mutumin da iyayensa suka taɓa barin wata ƙasa ya fi ka sanin wannan tarihin.

Game da unguwannin da ba ka jin harshen da ake yi, na fahimci abin da kake ji, domin mutum yana son ya gane garinsu, kuma babu wanda yake jin daɗin ganin wurin da ya tashi ya sauya cikin 'yan shekaru. Abin da aka saba gani shi ne waɗanda suka zo da kansu suna riƙe harshensu, 'ya'yansu suna tashi da biyu, jikoki kuma sau da yawa sai na ƙasar da aka haife su kaɗai. Sama da mutum miliyan 12 suka bi ta tsibirin Ellis, wurin tantance baƙi a New York, suka shiga Amurka tsakanin 1892 da 1954, kuma an yi ta cewa Italiyawa da Yahudawa da mutanen gabashin Turai ba za su taɓa zama Amurkawa ba, har aka yi dokar 1924 don rage shigowarsu. A yau jikokinsu suna cikin alƙalai da gwamnoni, wasunsu ma suna cikin masu cewa a rufe iyaka. Sai dai wannan cuɗanya ba ta zuwa haka kawai. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961 da tunanin cewa za su yi 'yan shekaru su koma, ba ta yi wani tanadi mai ƙarfi na koya musu harshe ko karɓar 'ya'yansu ba, kuma sai a shekarar 2000 dokar ta fara ba wa 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar damar zama 'yan ƙasa tun daga haihuwa bisa wasu sharuɗɗa. Shekaru kusan arba'in aka yi ana ce wa mutane ku baƙi ne, sannan aka dawo ana mamakin cewa sun keɓe kansu. Shi ma wanda ya shigo akwai haƙƙi a kansa na bin doka, da koyon harshen mutanen da ya tarar, da mutunta abin da suke mutuntawa, kuma wanda ya yi laifi a cikinsu a hukunta shi da sunansa kamar kowa. Amma mijin ƙanwarka ya wuce wannan mataki tun kafin ka san shi, tunda da harshenku ya nemi aure, a cikinku yake renon 'ya'yansa. Shi ne irin sakamakon da mai son baƙi su saje da jama'a yake fata, kuma shi ka fara kora.

Kishin ƙasar da kake alfahari da shi ina ganin yana da kyau ka riƙe shi, amma ka tambayi kanka da me kake alfahari a cikinta. Idan da tarihinta ne, da harshenta, da waɗanda suka yi mata hidima, da doka da zaman lafiyar da suka sa wasu suke barin nasu ƙasashen suna nufo ta, to duk waɗannan ba sa raguwa don wani ya shigo ya ƙaunace su tare da kai. A ganina ana gane mai kishin ƙasa ne ta harajin da yake biya, da ƙuri'ar da bai sayar ba, da ginin da ya yi bai rage siminti ba don ya san 'yan ƙasarsu ne za su kwana a ciki. A wannan ma'auni kana iya cin jarrabawa, mijin ƙanwarka ma yana iya ci, haka kuma akwai waɗanda kakanninsu bakwai a ƙasar aka binne su amma su ne suke wawure baitulmalinta.

Ita kuma ƙungiyar da kake zuwa taronta, ba zan yanke mata hukunci daga nesa ba, amma kai kana iya gwada ta. A taro na gaba ka saurara ka ji ko maganarsu a kan dokoki ce da adadi da 'yan kwangilar da suke ɗaukar mutane a ɓoye, ko kuwa a kan jini da asali da shagunan wane da wane. Ka miƙe ka tambaye su a fili mene ne matsayinsu game da wanda aka haifa a ƙasar, yake da cikakkun takardu, amma iyayensa daga waje suka zo. Idan suka ce ɗan ƙasa ne kamar kowa, to kana tare da mutanen da za a iya yin siyasa da su. Idan suka yi ta kewaye-kewaye, ko suka ce shi ma lokacinsa yana zuwa, to ka sani kuɗinka da lokacinka kake ba wa masu shirin da zai ƙare a ƙofar gidan ƙanwarka. Ina kuma zargin cewa maganar da ta jawo maka wannan matsala a can ka ji ta ana maimaitawa har ta zauna maka a baki.

Batun shiri kuwa, kada ka ɗora wa ƙanwarka nauyin sasanta ku, kuma kada ka yi shi ta saƙon waya. Shi ka ɓata wa, shi za ka je ka samu da ƙafarka, a lokacin da ka san yana gida kuma babu taro. Idan kana jin ba zai saurare ka kai kaɗai ba, ka tafi da dattijo ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, wanda zai zauna a matsayin shaida, ba mai kare ka ba. Ka gaya masa kai tsaye cewa ka faɗi magana mara kyau a gabansa, cewa ba daidai ba ce ko da ba ya wurin, cewa shi ɗan ƙasar nan ne kamar yadda kake, kuma kana neman ya yafe maka. Ka guji cewa "idan ranka ya ɓaci", domin wannan mayar da laifin kansa ne. Ka kuma guji abin da na san harshenka zai so ya faɗa, wato "kai ai namu ne, ba irinsu ba ne", saboda waɗanda kake kira irinsu ɗin sun haɗa da mahaifinsa da mahaifiyarsa, kuma babu ɗan halak da zai karɓi yabon da aka gina a kan wulaƙanta iyayensa. Ranar ba ranar bayanin kuɗin haya da jinga ba ce. Idan ya yi magana mai zafi, ko ya fito da abubuwan da ya daɗe yana haɗiyewa, ka saurara har ya gama ba tare da ka katse shi ba.

Tunda a gaban dangi ka faɗa, a gaban dangi ya kamata ka warware, ko da da jumla biyu ne a zama na gaba, domin waɗanda suka ji ta farko suka yi shiru su ma suna buƙatar jin ta biyu, kuma wannan ne zai sa ƙanwarka ta yarda cewa ba don a wuce wurin kawai ka ba da haƙuri ba. Yaran kuwa, idan sun kai shekarun fahimta, to ka ɗauka labarin ya riga ya isa kunnensu. Ka nemi izinin iyayensu ka gaya musu da bakinka cewa kawunsu ya yi kuskure, kuma gidansa gidansu ne. Mai yiwuwa ne mijin ƙanwarka ya karɓi haƙurin a baki amma ya ɗauki watanni yana ja da baya, kuma wannan haƙƙinsa ne. Kada ka tura mutane su ce masa ya cika riƙo, ka dai ci gaba da gaisuwa da zuwa duk abin da ya same su na daɗi ko na baƙin ciki, ko da ana amsa maka a daƙile.

Sauran ƙarfin da kake kashewa a wajen taro, ina ba ka shawara ka karkata wani sashensa zuwa inda zai iya sauya abin da kake samu. Ka nemi maginan da kuke aiki tare ku rubuta wuraren da ake biyan ƙasa da abin da doka ko yarjejeniyar sana'arku ta tanada, da wuraren da ake sa mutane hawa gini ba tare da kayan kariya ba, ku kai wa ƙungiyarku ta ƙwadago ko ofishin da ke kula da harkar ma'aikata, da sunan masu ba da aikin. Ku kuma tambayi duk mai neman ƙuri'arku gidaje nawa yake da shirin ginawa da kuma inda zai samo kuɗin, domin wannan tambaya ce da take taɓa hayarka da aikinka a lokaci ɗaya. Idan zumunci ya dawo daidai, nan gaba kana iya tayar da batun shige da fice da mijin ƙanwarka a natse, amma ka fara da tambayarsa yadda shi yake ganin lamarin kafin ka faɗi naka.